Mutum-mutumi a Aikin Gini

Mutum-mutumin gini na'ura ce da kwamfuta ke sarrafawa domin ta karɓi wani ɓangare na aikin magina da leburori. Ba kowane aiki ne ya dace da ita ba. Injiniyoyi sun fi ɗora ta a kan aikin da ake maimaitawa sau dubbai ba tare da sauyi ba, ko mai karya jiki, ko wanda ke da haɗari ga rai.

Jera bulo shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Kamfanin FBR na birnin Perth a Ostareliya ya ƙera Hadrian X, babbar mota mai dogon hannu da ke ɗauko bulo ta shafa masa gam na musamman maimakon kwaɓin siminti, sannan ta ajiye shi daidai inda zanen ginin ya nuna. A Amurka, TyBot na bin shimfiɗar rodin gada tana ɗaure kowace mahaɗa da waya, aikin da ke sa ma'aikaci ya wuni a duƙe har ƙugu ya riƙe. A 2020 kamfanin Hilti ya fito da Jaibot, mai huda ramuka a rufin kankare, ta raba mutum da ɗaga injin huda sama da kai da shaƙar ƙura. Wajen rushe gini kuwa, injinan Brokk na ƙasar Suwidin daga nesa ake tuƙa su.

Filin gini ba kamar masana'anta ba ne: akwai laka, ruwan sama da cunkoson ma'aikata. Shi ya sa gyaran tsohon gini da aikin lungu da saƙo har yanzu suna hannun magini.