Yadda Ake Tsayar da Ladan Aiki

Ladan aiki shi ne abin da ake biyan mutum a madadin ƙarfinsa da lokacinsa da gwanintarsa. A Najeriya abubuwa biyu ne ke tsayar da shi: ciniki tsakanin mai ba da aiki da ma'aikaci, da kuma doka.

A karkara ciniki ne ke yanke hukunci. Idan damina ta kankama, ciyawa ta taso, kowane manomi yana son a nome masa gona cikin 'yan kwanaki, sai 'yan ƙwadago su yi ƙaranci, kuɗin yini da na jinga su hau. Haka ma lokacin girbi. Da rani kuwa masu neman aiki sun fi aikin yawa, lada ya faɗi, shi ya sa matasa ke tafiya birane cin rani, in ban da wuraren da ake noman fadama. Tsadar abinci ma tana da tasiri, domin ɗan ƙwadago da kwanon hatsi yake auna ladansa. Birkila ko kafinta kuwa ya fi lebura lada saboda sana'arsa tana buƙatar koyo na shekaru, masu iya ta kuma ba su da yawa.

Dokar mafi ƙarancin albashi hurumin Gwamnatin Tarayya ce. Kwamiti mai wakilan gwamnati da masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago, wato NLC da TUC, shi ke ba da shawara, sannan Majalisar Tarayya ta zartar. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, an tsayar da Naira 125 a wata. Ya zama 5,500 a 2000, sai 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019. A Yulin 2024, bayan janye tallafin man fetur a 2023 da tsadar da ta biyo baya, an mayar da shi Naira 70,000, tare da sharaɗin sake duba shi duk bayan shekara uku. Ƙarin adadi dai ba ya nufin ƙarin wadata idan farashin kaya ya riga shi hawa.

Ya kamata jami'an ƙananan hukumomi su lura cewa dokar ta shafi ma'aikatan jiha da na ƙaramar hukuma, amma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko aikin lokaci-lokaci irin na gona, ko wanda ake biya bisa jinga ko kamasho.