Gina gida a kan gangara: kuɗin da ke ƙaruwa a Sokode da Dapaong

Filin da ke kan gangara yakan zo da farashi mai sauƙi fiye da wanda ke shimfiɗe, shi ya sa yake jan hankalin masu neman wurin gini. Sai dai rangwamen da mai saye ya samu yakan ƙare ne a ƙarƙashin daɓe, tun bango bai kai tsayin taga ba. Maganar ta shafi mazauna Sokode da Dapaong a ƙasar Togo, musamman waɗanda ke aiko da kuɗi daga Lome, Gana ko Najeriya domin a gina musu gida ba tare da sun taka filin da ƙafarsu ba.

Yanayin garuruwan biyu

Sokode, hedikwatar yankin Tsakiya, tana da nisan kusan kilomita 340 daga Lome. Gari ne na Kotokoli wanda fataken goro da ke zirga-zirga tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja suka mayar da shi zango, kuma unguwar Didaure ta samo asali daga wannan fatauci. Garin na zaune a kan tuddai, rafukan Kpondjo da Kpandi suna ratsa shi. Damina na kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara yakan kai milimita 1,200 zuwa 1,500.

Dapaong, hedikwatar yankin Savanes, tana sama da kilomita 600 daga Lome, kusa da iyakar Burkina Faso. Ruwanta bai kai na Sokode ba, kusan milimita 1,000 ne a shekara, amma yana sauka da ƙarfi cikin watanni kaɗan. Yankin na da tsaunuka, kuma a wurare da dama ba a nisa da haƙa ake cin karo da dutse. A Sokode ruwa ne ya fi ba magina wahala, a Dapaong kuma ruwa da dutse.

Yadda ake auna gangara

Ido na yaudara. Filin da ake gani kamar ya ɗan karkata kawai zai iya ɓoye bambancin mita 2 ko 3. Ana auna gangara da kashi cikin 100: idan ƙasa ta sauka mita 1 a cikin tafiyar mita 10, gangarar kashi 10 ce. Fulotin da aka saba yankawa a Togo murabba'in mita 600 ne, wato mita 20 a kan 30. Idan gangarar kashi 10 ta bi tsawonsa, kan filin zai fi ƙasansa da mita 3, kusan tsayin bangon ɗaki. Magini zai iya gano haka da siririn tiyon ruwa da turaku biyu. Cikakken awo kuma aikin mai safiyo ne, wanda ake kira géomètre a takardu.

Ciko da sara

Kuɗi na farko na tafiya ne wajen daidaita wuri. A misali, gida mai tsawon mita 12 da faɗin mita 10 a kan gangarar kashi 10 zai samu bambancin mita 1.2 tsakanin bayansa da gabansa. Cike wannan giɓi na buƙatar kubik mita 72 na jar ƙasa, wato tifa 12 mai ɗaukar kubik 6, kuma adadin zai haura haka domin ƙasa na raguwa idan an danne ta. Wanda ya ce sai ya cike fulotin baki ɗaya zai nemi kubik 900, tifa 150. Idan aka sare rabin sama aka cike rabin ƙasa da shi, abin da za a motsa kubik 225 ne.

Ciko ba zubawa kawai ba ne. Ana zuba shi kaɗan-kaɗan, kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa a danne, sannan a ƙara. Cikon da aka jibge lokaci guda yakan zauna bayan damina ɗaya ko biyu, daɓe ya tsage, ƙofofi su ƙi rufuwa. Inda aka tarar da dutse, lissafin haƙa na sauyawa, domin aikin da diga da shebur za su gama cikin kwanaki sai ya koma na guduma ko na inji.

Harsashi

Dole harsashi ya zauna a kan ƙasar asali, ba a kan ciko ba. A gangara ana haƙa shi mataki-mataki kamar matakalar bene, kowane mataki a miƙe, kuma hakan na cin ƙarin kankare da rodi. A misalin gidan da aka ambata, bangon harsashin da zai ƙaru a gefe biyu da ɓangaren ƙasa ya kai murabba'in mita 26, kusan bulo 330 marasa rami, ban da ginshiƙan da za su yi tsayi. Duk wannan kafin a kai inda mai shimfiɗaɗɗen fili yake farawa. Idan bene za a yi, gwajin ƙasa na da muhimmanci, kuma cibiyar gwaje-gwajen gine-gine ta ƙasa, LNBTP, na cikin masu yin sa.

Katangar tokare ƙasa

Duk inda aka sare tudu ko aka tara ciko, sai an yi bangon da zai riƙe ƙasar. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗora wa katangar gida ta bulo wannan aiki. Ƙarfin da ƙasa ke tura bango da shi na ninkuwa da sauri: bango mai mita 2 na fama da ninki huɗu na abin da mai mita 1 ke fama da shi, mai mita 3 kuma ninki tara. Idan ƙasar ta sha ruwa, nauyin sai ya ƙaru. Saboda haka ake zuba tsakuwa a bayan bangon, a bar ƙananan kafofi da ruwa zai riƙa fita. Gajerun banguna biyu ko uku a jere sun fi dogo guda ɗaya sauƙin kuɗi da aminci. A Dapaong, dutsen da aka fasa a filin zai iya shiga wannan gini, ya rage sayen bulo.

Ruwa da haƙƙin maƙwabci

Milimita 1 na ruwan sama lita 1 ce a kan kowane murabba'in mita. Rufin gida mai murabba'in mita 120 zai zubo da lita 6,000 a ruwan milimita 50, wato duro 30 a dare guda, ban da wanda ke gangarowa daga filayen sama. Ana buƙatar lambatu a kan filin domin tare ruwan, indararo a rufi, da magudanar kankare zuwa bakin titi. Ruwan da aka saki ba hanya yakan zaizaye gindin katanga, ko ya afka gidan da ke ƙasa, abin da ke haddasa rigima tsakanin maƙwabta har ta kai gaban mai unguwa. Haka ma ramin masai, bai kamata ya kasance a saman rijiya ba, ko ta gidan ko ta maƙwabci.

Hanya da dako

Idan tifa ba ta iya hawa, yashi da siminti a bakin hanya za a sauke su, leburori su ƙarasa da baro da kwano. Kowane buhu ya samu kuɗin dako na biyu. Da damina kuwa aiki kan tsaya gaba ɗaya.

Kafin a biya kuɗi

Dokar filaye ta Togo ta ranar 14 ga Yunin 2018 ta sa takardar titre foncier ce cikakkiyar shaidar mallaka, kuma ana neman izinin gini kafin a fara aiki. Sokode na cikin ƙaramar hukumar Tchaoudjo 1, Dapaong kuma Tône 1. Amma takarda ba ta faɗin nawa harsashi zai ci. Mai saye na buƙatar ganin filin ana tsakiyar damina, ya sa a auna gangarar, a haƙa ramin gwaji, sannan magini ya rubuta kuɗin aikin ƙarƙashin daɓe daban da na sauran gini. Wannan adadi shi za a haɗa da kuɗin fili a kwatanta da farashin shimfiɗaɗɗe.

Gangara na da nata amfanin. Ambaliya ba ta cika kai wa gidan tudu ba, iska kuma na ratsa shi. Wanda ya tsara gini ya bi gangarar, ɗakuna a sama, tsakar gida a mataki na biyu, zai rage yawan ciko. Inda bambancin ya kai mita 2.5, wurin da za a cike da ƙasa zai iya zama shago ko ɗakin ajiyar kaya mai fuskantar titi, wanda hayarsa za ta riƙa mayar da wani abu daga kuɗin harsashin.