Siffar Baƙo a Majigin Zane na Amurka: Daga Yaƙin Duniya na Biyu Zuwa Apu

Muna so mu jawo hankalin mahalarta wannan taro zuwa ga wani ɓangare na tarihin wasan kwaikwayo wanda manazarta ba su cika kulawa da shi ba, wato majigin zane na ban dariya, wanda yara ke kira katun. Tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka mai da shi makamin farfaganda. A 1943 da 1944 kamfanin Warner Brothers ya fito da finafinai masu nuna Bajapane da haƙora gatso-gatso da magana a karye. Baƙar fata ma bai tsira ba, domin sai a 1968 aka janye finafinai 11 daga talabijin saboda munin yadda suka siffanta shi.

Da aka fara nuna shirin The Simpsons a ƙarshen 1989, sai al'amarin ya sake kama. Baƙo ya tashi daga abokin gaba, ya koma maƙwabci abin zolaya. Babban misali shi ne Apu, Ba'indiye mai kanti, wanda ya bayyana a 1990. An ba shi digirin dakta a ilmin kwamfuta, amma ga shi yana sayar wa jama'a abincin da ya lalace. Auren haɗi aka yi masa, matarsa kuma ta haifi 'ya'ya takwas a ciki ɗaya. Wanda ya yi masa murya a lokacin, Hank Azaria, Ba'amurke ne farar fata.

Masu kare shirin sukan ce ai kowa ana taɓawa, har Amurkawan da kansu. Wannan hujja a ganinmu ba ta cika ba. Mu Hausawa mun san wasan barkwanci, irin na Fulani da Barebari, inda kowane ɓangare ke da bakin ramawa. A majigi kuwa alƙalamin yana hannu ɗaya. Dubi abin da ya faru a 2002, lokacin da shirin ya nuna birnin Riyo na Birazil cike da ɓeraye da birai da masu garkuwa da mutane. Hukumar yawon buɗe ido ta birnin ta yi barazanar zuwa kotu, nan da nan James L. Brooks, ɗaya daga cikin shugabannin shirin, ya ba da haƙuri. To, Birazil ƙasa ce, tana da hukuma. 'Ya'yan Indiyawan Amurka fa, waɗanda ake tsokana da sunan Apu a makaranta, a lokacin da da ƙyar suke ganin wani mai kama da su a talabijin, wa zai kai musu ƙara?

Sai da aka shekara 27 kafin ɗaya daga cikinsu, ɗan wasan barkwanci Hari Kondabolu, ya shirya fim a 2017 mai suna The Problem with Apu, ya tara 'yan wasa 'yan asalin Indiya suka faɗi abin da suka sha. Da farko marubutan shirin sun yi wa ƙorafin riƙon sakainar kashi. A 2020 Azaria ya ajiye muryar Apu, a 2021 kuma ya fito fili ya nemi gafara.