Firi'am

Firi'am wani sashe ne na na'urar sauti da ke karɓar raunanniyar siginar lantarki daga makirufo, garmaho ko jita mai lantarki, ya ɗaga ta zuwa matakin da amfilifaya za ta iya aiki da ita kafin ta tura ta ga lasifika. Kalmar aro ce daga Turanci. Wani lokaci yakan zo cikin akwatinsa shi kaɗai, amma galibi a haɗe yake cikin mikisa ko amfilifaya. Duk ƙarar da ta shiga a wannan mataki tana ƙaruwa tare da muryar, shi ya sa masu gyara da masu son tsaftataccen sauti ke yawan sauya kayan da ke cikinsa.

Yadda yake aiki

Siginar da makirufo ke fitarwa ba ta wuce 'yan milibolt ba, wato kashi kaɗan cikin dubu na bolt. Amfilifaya kuwa tana buƙatar kimanin bolt 0.3 a na'urorin gida, ko bolt 1.2 a na situdiyo. Don haka firi'am kan ninka siginar sau ɗari, wani lokaci har sau dubu. A nan ne kuma ake samun maɓallin ƙara murya da na daidaita kauri da kaifin sauti.

A yawancin na'urorin zamani, wani ƙaramin aisi mai ƙafa takwas ne ke yin ninkin. A rubuce ana kiransa op-amp, a bakin Bahaushe kuma yakan koma ofam. Resistoci biyu da ke maido da wani ɓangare na siginar baya su ne ke ƙayyade yawan ninkin, ba aisin kansa ba. Saboda haka sauya ofam ba ya ƙara ƙarfin murya, sai dai ya rage ƙara ko murɗewar sauti.

Tarihi

John Ragazzini na Jami'ar Columbia a Amurka ne ya raɗa wa ofam suna a 1947, lokacin da ake haɗa shi da bututun gilashi domin yin lissafi. A shekarun 1960 Bob Widlar na kamfanin Fairchild ya ƙera shi a matsayin aisi, sannan a 1968 David Fullagar ya fito da 741, wanda ya bazu a duniya. A shekarun 1970 aka sami 4558 na Raytheon, TL072 na Texas Instruments da NE5532 na Signetics. Waɗannan ukun har yanzu su ne suka fi yawa a mikisoci da amfilifayoyi. LM4562 na National Semiconductor ya fito a 2006.

Sauya ofam

Abubuwa biyu aka fi dubawa: sauri da ƙara. Aisin 741 na iya sauya bolt 0.5 kawai cikin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, NE5532 yana yin kimanin bolt 9, TL072 bolt 13, LM4562 kuma bolt 20. Ta fuskar ƙarar "shuu" da ake ji idan an yi shiru, NE5532 ya fi TL072 tsafta sau uku da ɗoriya idan an haɗa shi da makirufo. Amma TL072 ya fi dacewa da abin da ke da babbar turjiya kamar jita, kuma yana shan ƙasa da rabin wutar da NE5532 ke sha, abin da ke da amfani ga na'ura mai aiki da batir.

Akwai sharuɗɗa kafin a sauya:

Na farko, tsarin ƙafafu. 4558, TL072, NE5532 da LM4562 duk ofam biyu ne a gida ɗaya, wuta na shiga ta ƙafa ta 4 da ta 8, don haka ɗaya na iya zama a gurbin ɗaya. Amma 741, TL071 da NE5534 guda-guda ne, ƙafafunsu daban, kuma sa su a wancan gurbi na iya ƙona su.

Na biyu, ƙarfin wuta. NE5532 na jure har bolt 22 a kowane ɓangare, LM4562 kuwa ana aiki da shi ne a bolt 17 zuwa ƙasa.

Na uku, aisi mai sauri na iya kama wata rawa da kunne ba ya ji, ya yi zafi, ya lalata ƙaramar lasifikar kaifin sauti. Maganinta shi ne a sa ƙaramar kafasita kusa da ƙafafun wuta.

Masu gyara kan lika mazauni mai ramuka takwas da dalma, domin a riƙa cire aisi ba tare da ƙona allo ba. Ana kuma samun jabun aisi, inda ake goge lambar mai arha a buga ta mai tsada.

Sauran kayan

Kafasitoci masu ruwa a ciki suna bushewa da tsufa. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Ana sayar da masu jure digiri 85 da masu jure digiri 105. Idan suka bushe a sashen wuta, sai a ji gunji a lasifika, mai alaƙa da wutar Najeriya da ke kaɗawa sau 50 a sakan. Resistoci masu fatar ƙarfe sun fi na gawayi ƙarancin ƙara. Maɓallin murya da ƙura ta shiga kuwa yana ƙarƙar idan an murɗa shi.

A arewacin Zamfara

A Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, an fi haɗuwa da firi'am a cikin amfilifayar masallaci, makarantun Islamiyya, wuraren wa'azi da biki, gidajen kallon ƙwallo, da masu talla a kasuwa, kamar kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis. Masu gyaran rediyo ne ke kula da su, kuma akasarin kayan gyara daga Gusau, Sabon Garin Kano da kasuwar Alaba ta Legas suke zuwa. A Ƙaura Namoda akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, inda ake koyar da fannin lantarki.

Yanayin yankin ne ke nuna abin da ya kamata a fara sauyawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40, abin da ke gaggauta bushewar kafasita. Ƙurar hunturu na cika maɓallai da ramukan jona. Wutar kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, wanda Zamfara ke ƙarƙashinsa, ba ta wadatarwa, don haka na'urori da yawa na aiki da janareta, batir ko sola, kuma inbata mai arha kan zuba tata ƙarar cikin sauti. Doguwar wayar makirufo marar rufi daga mihrabi zuwa amfilifaya ma tana jawo gunji.

Haka nan lasifikar ƙaho da ake ɗaurawa kan hasumiya an ƙera ta ne don muryar mutum ta yi nisa, ba ta fitar da kauri ko kaifi sosai. Ta cikinta, da wuya kunne ya bambance 4558 da LM4562. Kwamitin masallacin da ya tara kuɗi ya sayi aisi mai tsada na iya tarar da ƙarar tana nan daram.

Muhawara

Wasu masu sha'awar sauti a Turai, Amurka da Jafan na cewa kowane ofam da irin muryarsa. Injiniyoyi irin su Douglas Self na Ingila, wanda ya rubuta littattafai kan ƙera na'urorin sauti, sun dogara da awo, kuma sun nuna cewa NE5532, duk da arharsa, murɗewar sautinsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Abin da aka fi yarda da shi shi ne sauya ofam na da fa'ida idan tsohon 741 ne ko kuma ya lalace, amma bayan an gyara wuta, kafasitoci, maɓallai da wayoyi.