Tarihin Tungayen Masunta a Bakin Tafkin Chadi

Da yawa daga cikinmu mun san Darak da Balanguwa da kifin banda, amma kaɗan ne suka san yadda garuruwan bakin Tafkin Chadi suka kafu, da abin da ya kai sunayensu gaban alƙalan duniya.

Tun kafin zuwan Turawa tafkin yana da masu shi. Buduma ne ke zaune cikin tsibirai da shanunsu da jiragensu na ciyawa, Kotoko suna riƙe da bakin Lagone da Shari, Barebari da Larabawan Shuwa suna gefen tudu. Bahaushe baƙo ne da ya zo daga baya, wani da fatauci, wani a kan hanyar Makka, wani kuma da homa da ƙugiya, musamman masuntan ƙasar Kabi waɗanda su ne gadonsu. A 1963 faɗin ruwan ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. A shekarun nan ne kuma tarun lailon ya yaɗu, motoci suka riƙa ɗaukar banda daga Baga zuwa Maiduguri har kudancin Najeriya, sana'ar ta ja mutane daga nesa.

Zaman tunga zama ne na wucin gadi. Masunci yakan sami tudu, ya kafa bukka da zana da kara, ya gina wurin banda, ya rataya gidan sauro, domin sauron tafki ba ya barin mutum ya runtsa. Da asuba a duba mamari da kalli, da rana a feɗe tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa, da dare hayaƙi ya tashi. Idan ruwa ya ja baya, sai a kwashe komai a bi shi. Ba wanda ya yi tunanin iyaka, don ba a ganin turke a kan ruwa.

Sai fari ya zo. Kogin Shari da Lagone su ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga tafkin, kuma a farin 1973 da na 1984 suka ragu ƙwarai. Tafki ya rabu biyu, na arewa ya riƙa ƙafewa, ruwan da ya saura ya taru wajen bakin Shari. Masunta suka bi shi gabas, taki bayan taki, har suka tsallaka cikin ƙasar Kamaru. Inda ruwa ya janye aka tarar da ƙasa mai albarka, aka shuka masara da wake. Mai gona kuwa ba ya tashi kamar mai jirgi. Aka kawo iyali, aka gina masallaci, aka naɗa liman da bulama, tunga ta zama gari. Sunayen da kansu shaida ne: Sabon Tumbu, Garin Wanzam, Doron Liman, Ramin Dorina, Ba Shakka.

Amma ƙasar tana da takarda tun kafin a zauna a kanta. Ingila da Faransa sun shata iyakar a 1919, suka tabbatar da ita a 1931. Ranar 22 ga Mayu 1964 kuma Ahmadu Ahidjo da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani da Tombalbaye suka kafa hukumar kula da tafkin a Fort-Lamy, wadda yau ake kira Njamena. Duk da haka, hukumomin Barno suka bi mutanensu da haraji da 'yan sanda da makarantu. A 1994 Kamaru ta kai ƙara kotun duniya da ke Hague, a kan Bakasi da farko, sannan ta haɗa da yankin tafki. Najeriya ta lissafa ƙauyuka 33, ta ce mutanenta ne suka kafa su, ita ce kuma ke mulkinsu. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta yanke cewa yarjejeniyar da aka rubuta ta rinjayi daɗewar zama. A Disamban 2003 jami'an Najeriya suka janye, Darak da maƙwabtanta suka koma hannun Kamaru, ba tare da an zubar da jini ba.

Wasu sun tashi, da yawa sun zauna, tunda kifi da gona da kaburburan iyaye suna nan. 'Ya'yansu da jikokinsu su ne 'yan'uwanmu na yau. Bayan haka masifar Boko Haram ta auka wa yankin, Baga a Janairun 2015, Darak a Yunin 2019, tungaye da dama suka watse, mutane suka gudu da rigar jikinsu kaɗai.

Abin da muke so a lura da shi ke nan. A gaban kotu, zaman shekaru bai tsaya wa ƙasa guda ba sa'ad da takarda ta fito, balle talaka a gaban shingen hanya. Yaron da aka haifa a tunga ba a yi masa takardar haihuwa ba, gobe zai sha wuya kafin ya zauna jarrabawa ko ya karɓi katin ɗan ƙasa, alhali nan aka binne cibiyarsa. Don haka muna roƙon iyaye su kai sunayen 'ya'yansu ofishin magajin gari da wuri. Muna kuma roƙon matasa masu waya su zauna da tsofaffin masunta, su ɗauki bayaninsu: wa ya fara kafa bukka, daga ina ya zo, a wace shekara, wane bulama ya ba shi wuri. Waɗanda suka ga tafki a cike sun haura saba'in, kullum kuma raguwa suke yi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu. Amin.