TAGIYOYIN IYAYENMU A CIKIN HOTO



Tun sallar bara muka lura samarinmu masu ɗaukar hoto suna bin gidaje aron tsofaffin tagiyoyi. Sai su aza wa yaro jar dara ko malafa, su ɗauke shi hoto baƙi da fari, ya fito tamkar mutumin zamanin Nasara. Aikin yana da kyau, ba mu hana ba. Can Bamako ma Saidu Keita, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yakan ajiye kwat da agogo da rediyo don masu zuwa su ara, kuma yau hotunansa na rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. A Yamai, Philippe Koudjina ya bar mana kamannin samarin shekarun 1960 da 1970.

Amma kowace tagiya da labarinta, kuma yaran ba su tambaya.

Mu ɗauki jar dara. Sarki da malami suna naɗa rawani bisanta, attajiri yana sa ta da babbar riga. Wannan daraja ce. In kuwa aka haɗa ta da kaki da ɗamara, to ta zama ta sojan Faransa ko ta gardin kumandan. Irin sojan nan ne Voulet da Chanoine suka jawo a watan Mayu na 1899, suka ƙone Birnin Ƙonni, suka kashe jama'a ba adadi, bayan faɗansu da Sarauniya a Lugu. Daga baya kuma gardi mai jar dara shi ke shiga ƙauye karɓar haraji da ɗibar mutane aikin dole, har shekarar 1946 da aka soke shi. Kakanninmu in sun hango jan nan daga nesa, daji suke faɗawa. To, yaron da aka sa wa dara da kaki yana murmushi gaban na'ura, ya san kayan wa ya ara?

Malafa ba ta da wannan nauyi: ta manomi ce da makiyayi da bafatake. Haɓar kada ta maharba ce da tsofaffi. Doguwar hular nan da ake kira Shagari kuwa ba ta daɗe ba, ta ci sunanta ne lokacin mulkinsa a Najeriya, 1979 zuwa 1983, ta ƙetaro mana ta kasuwar Illela ta hayin iyaka. Mun ga hoton da aka ce wai na ma'aikacin simintin Malbaza ne na farko, alhali da ita a kansa. Kamfanin ya fara aiki a 1966. A lokacin ba wanda ya san hular da wannan suna.

Don haka ƙungiya tana roƙon duk gidan da ke da tsohon hoto ko tagiyar marigayi, kada a sayar wa dillalai. A kawo wa magatakarda ranar taron wata, tare da dattijon da ya san mai ita, a rubuta suna da gari da sana'a da shekara. Za a mayar wa kowa kayansa a ranar.

Wassalam.