Wake da Ful: Tarihin Tukunya Biyu a Gidajenmu



A yawancin gidajenmu, daga kambunan Jazira har garuruwan bakin kogi da ke kudu da Sinnar, akwai wani abinci da ba a sayar da shi a kasuwa. Ana jiƙa wake tun dare, a dafa shi da 'yar kanwa, wadda maƙwabtanmu ke kira aɗrun, har ya yi luguf. Sai a soya albasa da man gyaɗa, a juye waken a kai, a riƙa danna shi da bayan ludayi har ya kama jikinsa. Mai hali yakan fara soya sujuk, ya tsame, ya soya waken cikin kitsen da ya rage, sannan ya yanyanka sujuk ɗin a sama. Tsofaffi kuwa da busasshen nama suka saba, a daka a barbaɗa. Iyayenmu mata faten wake suke ce masa. Yaranmu idan sun gan shi sai su ce ful ne. Tsakanin waɗannan sunaye biyu akwai tarihin fiye da shekara ɗari.

Kakanninmu sun daɗe suna ratsa ƙasar nan a hanyar Hajji, wasu su wuce, wasu guzuri ya ƙare musu su zauna su yi noma. Amma babban zuwa ya biyo bayan yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, Allah Ya jiƙansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a, har suka sauka a gaɓar Nilu Shuɗi wajejen 1906, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Wake abokin irin wannan tafiya ne: ba shi da nauyi, yana riƙe ciki, kuma idan an sami damina ɗaya a zango ana shuka shi a ƙarƙashin gero a girbe kafin a tashi.

Kada wani ya ce mu muka kawo wake ƙasar nan. Mutanen kogi sun san lubiya tun da daɗewa, suna shuka ta a jaruf idan ruwa ya janye, suna dafa balila da ita. Abin da iyayenmu suka zo da shi shi ne yawan hanyoyin sarrafa shi: ƙosai, alala, ɗanwake, tubani, wake da shinkafa, da fate.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe noman auduga na Jazira, kuma audugar nan tana bukatar hannu fiye da abin da ƙauyukan wurin za su iya bayarwa. Mutanenmu suka shiga shuka da cirar ciyawa da tsinkar auduga. Kaɗan daga cikinsu sun sami hawasha, musamman a shekarun 1930 da farashin auduga ya faɗi wasu suka saki gonakinsu, amma akasari sun zauna a kambo a gefen magudanar ruwa, suna aikin lada ko noman raba-daidai. A tsarin kamfani, auduga ce ake raba kuɗinta tsakanin gwamnati da kamfani da manomi, dawa da lubiya kuwa na mai hawasha ne. Lubiyar nan ta tsarin ma wani iri ce daban, ana shuka ta don dabbobi da gyaran ƙasa. Waken cinmu a bakin kunya da bayan ɗaki ya rayu, a hannun mata, ba tare da ya shiga littafin lissafin kowa ba.

Ful daga arewa ya zo mana. Amfanin hunturu ne na wajejen Dongola, kuma na Silaim ya fi suna. Ta kasuwa da makarantar kwana da tashar mota ya shigo gidajenmu, da ƙatuwar tukunyarsa mai siririn wuya, ana murƙushe shi da gindin kwalba, a zuba man riɗi da farin cuku da barkono, a ci da burodi. Yaron da ya saba da wannan a makaranta ya dawo gida yana neman irinsa, uwa kuma wake take da shi a rumbu. A ganinmu nan ne faten wake ya rage ruwa, ya koyi zama da burodi, daga baya ya karɓi sujuk daga mahautan birni. Mu dai har yanzu mun fi son na man gyaɗa, domin man riɗi yana danne ƙanshin wake.

Ba mu kaɗai ne wake ya bi ba. Jiragen bayi sun kai shi hayin teku daga Afirka ta Yamma, shi ya sa a Bahiya ta ƙasar Barazil ake soya akaraje, a Kuba kuma ake soya ƙananan curi na farin wake mai baƙin ido, dukkansu 'yan'uwan ƙosai ne. Waɗancan da sarƙa aka kai su yamma, mu da ƙafa muka zo gabas.

Musayar kuma ba gefe ɗaya ta bi ba. Agashe, wanda sunansa ma Hausa ce, ya zama abincin dare na Wad Madani da Khartum da Gadarif, babu wanda ke tambayar takardar haihuwarsa. Masu gasa shi ne aka yi ta tambaya, tun daga dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 da suka jefa zuriyar mutanen yamma cikin wahalar kawo shaida. A Yulin 2022 rikici kan ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Nilu Shuɗi, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka daga ɓangarorin da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, dubban iyalai suka bar gidajensu. Ba a gama share hawaye ba yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ya zo, Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, Sinja a Yunin 2024. Waɗanda suka gudu sun rayu da takaya, tukwanen unguwa da ake dafa adas da ful a raba wa kowa, Allah Ya saka wa masu yi da alheri.

Abin da takiyya ba ta iya mayarwa shi ne iri. Matar da ta bar gida da dare ba ta ɗauki tulun da ta cusa wake da toka don kada ƙwari su ci ba, kuma irin da ke cikin tulun nan daga uwarta ta gada. Wadda ta koma ta tarar da rumbu a fashe, a kasuwa za ta saya, duk abin da ta samu. A Kano har yau manoma suna bambanta kananado da ɗan'ila da sunayensu. Muna roƙon duk mai kaka a raye ya zauna da ita ya tambaye ta sunayen waken da take shukawa, fari da ja, mai yaɗo da mai saurin nuna, da garin da aka samo kowanne, ya rubuto mana a nan. Wanda kuma ya tsira da ko tafi ɗaya na tsohon iri, ya sanar da mai unguwarsa kafin damina ta faɗi.